Da gaske a da baƙar fata ba su zama gaban bas a Amurka?

Tambaya: Malam barka da aiki. Jiya muna hira a tashar mota nan Gusau wani direba yac ce wai har bayan yaƙin duniya na biyu baƙar fata baya suka zama cikin bas a Amurka, gaskiya ne?

Amsa: Wallahi gaskiya ne ɗan'uwa, a jihohin kudu. A Disamba 1955 aka kama Rosa Parks, wata baƙar fata tela ce, a birnin Montgomery na jihar Alabama don ta ƙi tashi ta ba farar fata kujera, sai baƙar fata suka ƙaurace wa bas har kwana 381, mata 'yan aikatau suna takawa a ƙasa cikin sanyi, abin yana taɓa min zuciya. Kotun ƙoli ta soke wariyar bas a 1956, amma babbar dokar hana wariya sai 1964, ta kare ƙuri'arsu kuma 1965, lokacin Najeriya ta shekara biyar da samun 'yanci.