Me Ya Sa Saudiyya Ba Ta Tace Dukkan Manta a Gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ni direba ne, ina jigilar masu Umara tsakanin Jidda da Makka. Mun yi gardama da abokan aiki a kan abu biyu: shin gangar ɗanyen mai guda lita nawa na fetur take bayarwa, kuma me ya sa ƙasar nan take sayar da ɗanyen mai a waje maimakon ta tace shi duka ta ci riba biyu? Daga wani mai karatu a Jidda.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kalmar "tacewa" ita ce take fara ruɗa mutane, domin tana kawo wa zuciya hoton mace da rariya tana tace gasara, alhali aikin matata ya fi kama da dafuwa. Ana dafa ɗanyen man har zafinsa ya kai wajen digiri 350 a ma'aunin Celsius, sannan a tura shi cikin wata doguwar hasumiya wadda ƙasanta ya fi samanta zafi. Tururin yana hawa yana hucewa, kowane kaso yana komawa ruwa a hawan da ya dace da nauyinsa: iskar gas ta girki a can ƙoli, sai kason da ake yin fetur da shi, sai kananzir da man jirgin sama, sai dizal, baƙin mai da kwalta kuma su kwanta a gindi.

Ganga guda lita 159 ce, amma ko a matatun Amurka, waɗanda aka gina musamman domin yawan fetur, feturin da ake samu bai kai rabin ganga ba. Ko wannan ɗin ma ba daga hasumiya kaɗai yake fitowa ba, sai an sake ɗaukar kaso mai nauyi an farfasa ƙwayoyinsa da zafi da sinadarai har ya koma mara nauyi. Injinan wannan farfasawa, da na cire farar wuta (wani sinadari da ke cikin ɗanyen mai), su ne suke cinye kuɗin gina matata. Man Saudiyya kuwa yana da farar wuta da yawa idan aka gwada shi da irin Bonny Light na Najeriya, saboda haka aikinsa ya fi wuya.

Batun riba biyu kuma, ka dubi mai sana'ar ƙuli-ƙuli. Ko da gyaɗar daga gonar mijinta ta fito, ba za ta ce kyauta ta same ta ba, tunda da an kai ta kasuwa da an karɓi kuɗi. Ribarta ita ce abin da ya rage tsakanin kuɗin gyaɗa da kuɗin mai da ƙuli, bayan ta cire itace da niƙa. Haka matata take. Babbar riba tana wajen haƙowa, musamman a nan inda fito da ganga daga ƙasa yake da arha ƙwarai, ribar tacewa kuwa siririya ce, kuma tana iya ɓacewa gaba ɗaya, kamar yadda aka gani a 2020 lokacin da annobar korona ta tsayar da jirage da motoci.

Ga kuma ra'ayin masu saye. Ƙasashe irin su Sin da Indiya da Japan da Koriya ta Kudu suna da nasu matatun da ma'aikatansu, ɗanye suke so. Shi ya sa Aramco, kamfanin mai na Saudiyya, ya bi su har gida: shi ne yake da matatar Port Arthur da ke Amurka, kuma yana riƙe da kaso mafi girma na kamfanin S-Oil na Koriya ta Kudu, domin ya tabbatar wa ɗanyen mansa kasuwa. A ganina wannan dabara ta fi dagewa a kan tace komai a gida hikima.

Ba wai kuma ƙasar ta yi sakaci ba ne. Matatar Ras Tanura tana aiki tun 1945, kuma tana iya tace ganga 550,000 a rana. A Yanbu, arewa da ku, akwai wadda aka gina tare da kamfanin Sinopec na Sin, a Jubail akwai ta haɗin gwiwa da kamfanin TotalEnergies na Faransa, ga ta Jazan a kudu, kowacce an gina ta da ƙarfin ganga 400,000 a rana. Tsohuwar matatar Jidda, wadda wataƙila ka sha wucewa ta gefenta, an daina tace mai a cikinta a 2017 saboda ƙanƙanta da tsufa.

Idan kuma farashin da kake biya a gidan mai ne ya tayar da gardamar, to wannan hukuncin gwamnati ne fiye da lissafin matata. Litar fetur mai lamba 91 halala 45 ce (halala 100 ce Riyal ɗaya) kafin ƙarshen 2015, sannan aka yi ta ƙara ta, har a watan Yulin 2021 aka ƙayyade kada ta wuce Riyal 2.18.