Filin Tambaya da Amsa: Ziyarar Monembasiya, Tsohon Garin Girka Mai Ƙofa Ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare a nan Sakkwato. A watan Mayu, in Allah ya yarda, zan je Atina babban birnin Girka wurin ɗana da ke karatu a can, ya kuma ce zai samu hutun kwana uku ya kai ni wani tsohon gari mai ganuwa a bakin teku da ake kira Monembasiya. Shekaruna sun haura sittin, gwiwa ta fara yi mini gardama. Shin wurin ya kai a sha masa wannan wahala? Yaya kuma batun abinci da salla? Daga mai karatu a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa yaron albarka, domin ya iya zaɓe. Ku je, amma da sharaɗin ku kwana a can, saboda garin yana kudu maso gabashin yankin Felofonis da ke kudancin Girka, kimanin kilomita 300 daga Atina, kuma motar haya takan ci awa biyar ko kusa da haka a hanya. Wanda ya ce zai je ya dawo a yini guda, kujerar mota kawai zai sani.

Monembasiya wani ƙaton dutse ne a cikin teku, wanda siririyar hanya guda ta haɗa shi da gaɓa, sunan ma a harshen Girkanci yana nufin mashiga ɗaya. Abin da zai fara ba ku mamaki shi ne, idan kuka tsaya a Gefira, sabon garin da ke bakin gaɓa, dutsen kawai za ku gani, domin an gina gidajen ne a ɓangaren da ke fuskantar teku. Mutanen da suka kafa shi a ƙarni na 6 masu gudun hijira ne daga hare-haren da suka addabi yankin, don haka ɓuya suka nema kafin komai. Ƙofar ganuwar kanta a karkace take kamar zauren gidajenmu, inda mai shiga ba ya hango cikin gida sai ya yi kwana. Mota ba ta wuce wannan ƙofa, kuma kayan baƙi a baro ake tura su zuwa masauki.

Tun da tarihi ne sana'arku, a nan za ku fi jin daɗi. Garin ya daɗe a hannun Rumawan Gabas, sai Faransawa 'yan yaƙin gicciye suka karɓe shi a tsakiyar ƙarni na 13 bayan sun yi masa ƙawanya ta kusan shekara uku, aka mayar wa Rumawa a 1262. Daga baya ya shiga hannun mutanen Benis, wato birnin Venice da ke Italiya a yau, sannan a 1540 ya koma ƙarƙashin Daular Usmaniyya, ina nufin ta Turkiyya, kada Basakkwace ya ɗauka tamu ta Shehu ce. Benis ta sake karɓe shi a 1690, Turkawa suka dawo a 1715, suka zauna har 1821 lokacin da Girkawa suka ƙwace shi a yaƙin neman 'yanci, wato a daidai zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ke kan mulki a Sakkwato. Kowane daga cikinsu ya bar alamarsa a jikin gini. A dandalin da ke tsakiyar gari akwai tsohuwar majami'a, kusa da ita kuma akwai masallacin da Turkawa suka gina da ƙubbarsa, wanda yanzu ya zama gidan ajiye kayan tarihi. Wanda ya taɓa tsayawa a kangon Surame ya ga yadda mutanen Kanta suka jera dutse kan dutse zai gane dabarar maginan nan, sai dai su ruwan sha ne babbar damuwarsu, shi ya sa gidaje da yawa suke da ramin tara ruwan sama a ƙarƙashinsu.

Batun gwiwa kuwa, garin kashi biyu ne. Na ƙasa shi ne mai mutane, da shaguna da masaukai, kuma za ku iya zagaya shi a hankali, sai dai duwatsun daɓen lungunansa sun yi santsi saboda ɗaruruwan shekarun da aka yi ana taka su, don haka a ajiye silifa da takalmin fata mai sulɓi a nemi mai ƙasan roba. Na sama kango ne a kan dutsen, ana hawa ta wata hanya mai lanƙwasa, a can ne majami'ar Agiya Sofiya ta ƙarni na 12 take a bakin gangare, ita ma an taɓa mayar da ita masallaci a zamanin Turkawa. A ganina, idan gwiwa ta ƙi, ku bar yaron ya hau ya ɗauko hoto, domin saukowar ta fi hawan cin ƙafa. Idan kuwa kun ji ƙarfi, ku hau da sanyin safiya da sanda a hannu.

Rana ta biyu ku ba wa bakin teku. Kudu da garin, kusa da wani gari da ake kira Neyafoli, ana shiga jirgin fito na 'yan mintoci zuwa tsibirin Elafonisos mai farin rairayi, kuma a watan Mayu cunkoson masu hutu bai fara ba. Tsohon birnin Mistras da ke kusa da garin Sparta yana kan hanyar komawa Atina, amma a jikin tsauni yake, ya fi Monembasiya wahalar hawa.

Abinci ba zai gagare ku ba muddin kuka tsaya kan kifi, da burodi, da zaitun, da cuku da ganyayyaki. Ku riƙa tambaya kafin a zuba muku nama, saboda naman alade ya yawaita a girkin yankin, akan kuma sa giya a wasu miya, garin ma da giyar inabi ya yi suna tun zamanin da. Masallacin da ake salla a cikinsa babu, don haka ku tafi da darduma, ku yi kasaru a masaukinku. Ku lura cewa alƙibla a can kudu maso gabas take, ba gabas ba kamar yadda muka saba a Sakkwato.