Ofis biyu, sabnet ɗaya: in sayi sababbin rautoci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne mai kula da kwamfutocin kamfaninmu. Mun buɗe reshe, kowane ofis da tasa rauta (na'urar da ke haɗa kwamfutocin ofis da waje), an kuma haɗa su ta intanet. Babban ofis yana kan 192.168.10.0/24. Maigida yana son kwamfutocin reshe su ma su shiga wannan jerin lambobin, domin manhajar lissafinmu tsohuwa ce, ba ta ganin sabar (babbar kwamfutar da take nema) sai suna sabnet ɗaya, wato jerin lambobi ɗaya. Na ba wata kwamfuta a reshe 192.168.10.80, amma ko ping, ɗan saƙon gwaji, ba ya wucewa. Wani dillali ya ce mu sayi rautoci masu VXLAN. Mu saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Riƙe kuɗin kamfani tukuna. Rautocinka lafiyarsu ƙalau, aikin da aka ƙera su dominsa suke yi.

Ga abin da ya faru. A ce sabar tana kan 192.168.10.5. Kwamfutar reshe ta duba lambar, ta ga jerinsu ɗaya, sai ta ɗauka maƙwabciyarta ce a kan suwic guda, wato akwatin da kebul ɗin kwamfutocin ofis ke haɗuwa. Saboda haka ba za ta miƙa wa rauta saƙon ba, sai ta yi shela ta hanyar ARP: wa ke da lamba 5, ya faɗa mini adireshin MAC ɗinsa, wato lambar katin sadarwarsa? Shela irin wannan kuwa a bakin rauta take tsayawa. Sabar ba ta ji ba, balle ta amsa.

Da ni ne, sai in ba reshe nasa sabnet, misali 192.168.20.0/24, in haɗa ofisoshin da IPsec ko WireGuard (hanyoyin haɗa ofisoshi ta intanet a ɓoye), in nuna wa kowace rauta hanyar zuwa ɗaya ɓangaren. Yawancin rautocin ofis suna yin wannan ba tare da an ƙara sayen komai ba. Daga nan ka buɗe saitin manhajar lissafin, ka nemi inda ake rubuta adireshin sabar da hannu. Sau da yawa tsofaffin manhajoji da shela suke laluben sabar, amma in ka rubuta musu lambar ko sunan kai tsaye, sai su haɗu lami lafiya. Haka firinta: a saka ta da lambar IP, magana ta ƙare. Gwajin ba zai ci maka awa ɗaya ba.

To, idan manhajar ta kafe, akwai hanya. Ana shimfiɗa wani bututu tsakanin rautocin biyu wanda ke ɗaukar saƙon Ethernet ɗungurungum, har da shelar, ya zube shi a ɗaya ofishin kamar kebul ɗaya ne ya haɗa su. MikroTik na da EoIP, rautocin Cisco da dama na da L2TPv3, OpenVPN ma yana yi idan aka sa shi a tsarin TAP. WireGuard shi kaɗai ba ya yi, saƙon IP kawai yake ɗauka. Duba abin da ke hannunka kafin ka saurari dillali. VXLAN da yake tallata maka, wanda aka fitar da ƙa'idarsa a 2014, don manyan cibiyoyin adana bayanai aka yi shi, inda VLAN (rukunan da ake raba kwamfutoci a kan suwic) guda 4094 ba sa isa, ana neman miliyan 16. Zai yi maka aikin, amma sayen tirela ne don ɗaukar katan ɗaya.

Sai dai ka san abin da za ka jawo wa kanka. Na farko, bututun yana ƙara wa kowane saƙo nauyi. VXLAN yana cin bayit 50, EoIP 42, alhali layin 1500 yake ɗauka. Alamar wannan ciwon tana da rikitarwa: ping yana tafiya sumul, amma babban fayil ya maƙale, shafi ya buɗe rabi ya tsaya. Maganinsa a rage MTU ko a daidaita MSS a kan rauta, wato saitin iyakar girman saƙo. EoIP, L2TPv3 da VXLAN kuma ba sa ɓoye bayanai da kansu, dole ka lulluɓe su da IPsec tunda ta intanet za su bi.

Wanda ya fi damuna shi ne makomar ofisoshin ta zama ɗaya. Wani a reshe ya ga kebul yana lilo a ƙarƙashin tebur, ya soka bakinsa a suwic ɗin da ɗaya bakin yake ciki, shela ta shiga zagaye ba iyaka, sai ka ga babban ofis ma ya tsaya cak. Ƙofar fita intanet da DHCP, mai raba wa kwamfutoci lambobi, kuma suna babban ofis, don haka ranar da layin ya yanke, kwamfutar da aka kunna a reshe ba za ta sami lamba ba. In ka ce bari ka kafa DHCP na biyu a can, ka raba musu jerin, kada biyun su ba da lamba ɗaya.

In ya zama dole, kada ka miƙa sabnet ɗin ga reshe gaba ɗaya. Ware VLAN guda, ka sa kwamfutoci biyu ko ukun da ke aikin lissafi a ciki, shi kaɗai ya bi bututun, ka kunna RSTP, mai hana zagayen shela, a suwic ɗin ofisoshin biyu. Sauran ma'aikata su zauna a 192.168.20.0/24, su fita intanet ta rautarsu.