Hukuncin Taimaka wa Tsofaffi da Yaran Yahudawa Mabuƙata

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Manchester, Ingila. Wata tsohuwa Bayahudiya maƙwabciyata ta kawo min takardar neman gudummawa. Za a saya wa tsofaffinsu abinci, a biya musu kuɗin ɗumama ɗaki lokacin sanyi, a yi wa yara sutura, a kuma gyara zauren taronsu. Maigidana ya ce haramun ne saboda abin da ake yi a Gaza.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sadakar nafila ga wanda ba Musulmi ba halal ce. Zakka kuwa ba ta zuwa gare su.

Inda na tsaya a takardar shi ne zauren nan. Ki tambaya: wurin ciyar da tsofaffi ne, ko wurin ibadarsu? In na ibada ne, kada kuɗinki ya shiga ciki. Ki kuma tabbatar ba a tura ko sisi ga sojoji ko matsugunan da ake ginawa a filayen Falasɗinawa.

Maganar maigidanki kishin addini ne, Allah Ya ba shi lada, amma ba daidai ba ce. Aya ta 8 da ta 9 a Suratul Mumtahana sun raba tsakanin wanda ya yaƙe mu da wanda bai yaƙe mu ba. Ba su raba da sunan ƙabila ba. Tsohuwar da ke rawar sanyi a ɗakinta a Manchester, wa ta yaƙa? Yaron da bai balaga ba fa, wane laifi aka rubuta masa? Abu Yusuf, almajirin Imamu Abu Hanifa, ya ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsoho Bayahude makaho yana bara, ya kama hannunsa ya kai shi gida ya ba shi abin da ya samu, sannan ya sa a yanka masa rabo daga baitulmali, yana cewa ba a yi masa adalci ba in aka ci ƙuruciyarsa aka yasar da shi a tsufa. Umar kuwa ya halarci yaƙin Khaibar da aka yi da Yahudawa, amma hakan bai hana shi taimakon tsohon ba. Malaminmu na Malikiyya, Ƙarafi, ma ya bambanta kyautatawa da soyayyar addini, ta farko ce aka halatta.

Shawarata, ki sayi kayan abinci da kanki ki kai, kuma ki kula da irin abin da suke ci, don suna da ƙa'idojinsu. Kada ki yi a ɓoye wa maigidanki, ki nuna masa wannan amsa cikin lalama. Kada kuma hannunki ya gajarta ga marayun Gaza da dangin da kika baro a gida, su ne a gaba.

Wallahu a'alam.