Filin Tambaya da Amsa: Dutsen da ya tare ramin sokawe

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina gini a bayan garin Zariya, ta wajen Kufena, kuma muna cikin haƙa ramin sokawe sai muka ci karo da wani baƙin dutse da tsawonsa ya kai kamu uku, faɗinsa kamu biyu. Kwana uku ni da ƙanena muna dukansa da babbar guduma, amma ban da ɓarɓashi da bororo a tafin hannu ba mu samu komai ba, har ƙotar gudumar ta karye. Wani ya ce mu ƙona tsofaffin tayoyi a kansa, wani kuma ya ce mu nemo masu nakiya. Katangar maƙwabcina ba ta fi taku huɗu daga wurin ba. Mece ce shawara?

Daga wani mai karatu a Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, sannunku da aiki, kuma ina roƙon ku jingine babbar gudumar nan tukuna, domin irin wannan dutse tsaga shi ake yi, duka daga sama ba ya cinsa. Duwatsun Kufena, da na Dutsen Jigawa, da waɗanda suka cika unguwannin Damagaram, duk giranit ne, wato wani irin dutse mai tsananin tauri, kuma halinsa shi ne yana jure danniya matuƙa, amma idan aka buɗa shi daga ciki ana tura ɓangare ɗaya gabas ɗaya yamma, ƙarfinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Gudumarku danna shi take yi, wato kuna tunkararsa ta inda ya fi ƙarfi.

Aikin farko na diga ne da shebur. Ku haƙe ƙasar da ke kewaye da dutsen har ku ga inda cikinsa ya fara komawa ƙasa, saboda dutsen da ƙasa ta rungume ba shi da inda zai buɗe ko da ya tsage. A nan ne kuma za ku san ko curi ne guda ɗaya, ko kuwa kan wani falalen dutse ne da ya shimfiɗu a ƙarƙashin filin. Idan kun yi ta haƙa yana ƙara faɗi, to, gara a sauya wa sokawe wuri, asarar ta fi sauƙi. Idan curi ne, a kiyaye nauyinsa: giranit mai tsawo da faɗi da kauri mita ɗai-ɗai yakan kai wajen tan 2.7, nauyin buhun siminti 54 ke nan, kuma naku ba zai yi nisa da haka ba. Kada kowa ya shiga rami ta ƙarƙashinsa, kada kuma a tsaya ta gefen da zai iya mirginowa.

Bayan haka sai a wanke dutsen da ruwa da tsintsiya, a jira ya fara bushewa. Duk inda tsaga take, ko da siririya ce kamar gashi, za a ga ta daɗe da laima bayan sauran jikin ya bushe. Sai a ɗauki ƙaramar guduma a bi shi ana ƙwanƙwasawa ana sauraro, domin lafiyayyen wuri yana amsawa da ƙara mai zaƙi, irin wadda aka san duwatsun kiɗa na Birnin Kudu da ita, wuri mai tsaga kuwa sautinsa a dushe yake kamar na fasasshen tulu. In an samu tsaga, aiki ya ragu da rabi, sai a bi ta. In ba a samu ba, a ja layi da gawayi a daidai tsakiyar dutsen, ta gajeren gefensa. Masu fasa dutse sun san cewa tsaga takan miƙe ne idan nauyin da ke dama da hagu ya yi daidai, amma wanda ya yi kwaɗayin ɓantarar gefe yakan ga tsagar ta karkace ta fice da ɗan ɓawo kawai.

A bisa wannan layi za a huda ramuka, tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakanin kowane biyu, zurfin kowanne wajen santimita 8 zuwa 10. Da hannu, ana yi ne da kurfi mai kyakkyawan ƙarfe da guduma ta hannu ɗaya: a doka, a ɗan juya kurfin, a sake dokawa, ana ɗiga ruwa a ramin ana kwashe taɓon da tsinke. Juyawar nan ita ke sa ramin ya fito zagayayye, kuma ita ke hana kurfin maƙalewa. Ba zan ɓoye maka ba, rami ɗaya yana iya cin rabin awa ko fiye, bakin kurfi kuma yana dakushewa da wuri, saboda haka a tanadi uku ko huɗu. Wanda ya samu hayar injin huda kankare zai gama cikin mintuna abin da hannu zai yini yana yi.

Kowane rami yana buƙatar ƙarfe uku. Biyu sirara ne masu lanƙwasasshen kai don kada su zurma ciki, na ukun kuma weji ne mai kauri a sama da tsini a ƙasa, wanda ake sakawa a tsakaninsu. Maƙeri zai iya ƙera su da tsohon sifirin na mota idan aka kai masa awon ramin. Wajen sakawa a lura sosai, siraran nan biyu ɗaya zai jingina da wannan ɓangare na layin, ɗaya da wancan, ta yadda duk wejin za su riƙa tura dutsen ta fuska guda, kuma kada wejin ya taɓa gindin rami. Sai a bi su ɗaya bayan ɗaya da matsakaiciyar guduma, kowanne bugu ɗaya ko biyu, daga farkon layi zuwa ƙarshe, a dawo a sake. Yayin da suke ƙara matsewa sautinsu zai riƙa yin sama. Idan duk sun ɗaure, a dakata minti biyu ko uku, a sha ruwa, a bar tsagar ta yi tafiyarta a ciki, sau da yawa ma za a ji dutsen yana ƙas-ƙas shi kaɗai. Alamar an ci nasara ita ce weji ɗaya ya yi sako-sako, sautinsa ya mutu, sannan a ga siririn layi ya haɗa ramukan. Daga nan sai a sa dagi a ɓanɓare, kowane rabi kuma a sake raba shi biyu, har a kai girman da baro zai ɗauka.

Maganar tayoyi ban goyi bayanta ba. Wuta tana fasa giranit, gaskiya ne, domin ƙwayoyin ƙanƙarar dutse da ke cikinsa suna kumbura da zafi, kuma a ma'aunin Salshiyos 573 sukan sauya siffa su ƙara kumbura farat ɗaya. Sai dai galibi ɓawo-ɓawo take cirewa daga sama, cikin yana nan, ga baƙin hayaƙin taya mai cutar da ƙirji, ga tsinin dutse da ke tartsatsi idan aka watsa masa ruwa da zafinsa. A tsakiyar gona, da itace, ana iya gwadawa, amma taku huɗu daga katangar mutum hanyar zuwa gaban mai unguwa ce. Nakiya kuwa doka ta hana riƙe ta ko aiki da ita sai da lasisin gwamnati, kuma babu mai lasisin kirki da zai tayar da ita a cikin unguwa.

Ƙurar giranit tana ɗauke da sinadarin silika, wanda ke taruwa a huhu ya haifar da ciwon da ba ya warkewa, shi ya sa na ce a riƙa huda da ruwa, a kuma ɗaura takunkumi. A sa tabarau na aiki, mai riƙe kurfi da mai bugu duka, a kori yara daga wurin. Idan kan kurfi ya baje ya yi leɓe, a mayar wa maƙeri ya gyara shi kafin a ci gaba, domin leɓen nan yakan ɓalle ya shiga ido ko tsoka. Gutsattsarin dutsen kuma kada a zubar, manyan su shiga harsashin katanga, ƙananan a farfasa su da gudumar nan taku, bayan an yi mata sabuwar ƙota, a zuba a gindin sokawen.