Kunkuru mai laushin ƙoƙo a shago: in saye shi?

Tambaya: Na ga kunkuru da ƙadangaru cunkushe a akwatin gilashi ɗaya a shagon dabbobi, ba fitila, ruwansu duk kashi. Ƙoƙon bayan kunkurun ya yi laushi. In saye shi don in cece shi?

Amsa: 'Yar'uwa, tausayinki abin yabo ne, amma kada ki saya. Kuɗinki za su sa a kawo wani ya maye gurbinsa.

Laushin nan alamar ciwon ƙashi ce. Idan babu hasken UVB, wato wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, jikinsa ba ya samar da bitamin D3, kalsiyam ba ya shiga ƙashi. Ajiye shi bakin taga ba ya magani, domin gilashi yana tare hasken. Ana buƙatar fitilar UVB awa 10 zuwa 12 kullum, a canja ta bayan wata 6 zuwa 12 ko da tana ci. Gefe ɗaya na akwatin ya yi ɗumi, ɗayan sanyi, kuma a raba jinsunan.

Ki ɗauki hoto da kwanan wata, ki gaya wa mai shagon cikin ladabi. Idan bayan mako ba gyara, ki kai ƙara hukumar kula da lafiyar dabbobi. In kin taɓa su, ki wanke hannu da sabulu saboda ƙwayar cutar salmonela da suke iya ɗauke da ita.