Kabad ɗin ƙarƙashin besin ya cika ya batse: ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Banɗakinmu ƙarami ne, ma'ajiyar da ke ciki kuma biyu ce kacal: kabad mai ƙofa biyu a ƙarƙashin besin ɗin wanke hannu, da wani siriri mai madubi a bango. Mu huɗu ne muke amfani da su, ni da maigida da yara biyu. Duk sati sai na gyara, kwana biyu a koma gidan jiya. Kwanan nan kuma na fara jin warin laima idan na buɗe na ƙasan. Ina da niyyar sayo kwanduna da robobi in rarraba kayan a ciki. Hakan zai magance matsalar?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki ɗan dakata da sayen kwandunan tukuna. Warin nan da kika ambata a ƙarshe shi ya fi damuna, kuma da shi za mu fara, domin duk tsarin da aka yi a kan katakon da ke jiƙewa wahalar banza ce.

Ki kwashe komai ki bar kabad ɗin wayam. Ki shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙarƙashin bututun, ki toshe besin ɗin ki cika shi da ruwa, sannan ki sake ruwan gaba ɗaya. Yayin da yake wucewa ki riƙa shafa tishu a kowace mahaɗar bututu, har da ƙananan makullan ruwa da ke can baya. Ko ɗigo ɗaya kika gani, mai gyaran famfo za ki kira kafin komai. Yawancin irin waɗannan kabad da garin katako da aka matse da gam ake yin su, kuma da zarar ya sha ruwa ya kumbura, ba ya komawa yadda yake. An taɓa kira na wani gida don in ƙara musu kanta a irin wannan kabad. Da na zaro ledar tishun da ke can ƙurya sai na ji ta yi nauyi, ta jiƙe sharkaf, ƙasan kabad ɗin kuma ya yi tozo, ana danna shi da yatsa yana lotsawa. Watanni bututun yana yoyo ba wanda ya sani, saboda kaya sun rufe shi ruf.

Wannan shi ne abin da nake so ki riƙe: tsakiyar kabad ɗin ƙasa ta bututu ce, kayanki a gefe za su zauna. Lanƙwasar da kike gani a bututun tana riƙe ɗan ruwa ne don ya hana warin magudana dawowa cikin ɗaki. Idan ana cusa kaya ana tunkuɗa ta, mahaɗarta na iya sassautawa. Ki bar tazarar kamar faɗin tafin hannu kewaye da ita, kuma ya zamana za ki iya miƙa hannu ki rufe makullin ruwa ba tare da kin fitar da komai ba. Ki shimfiɗa tabarmar roba ko faranti mai ɗan gefe a ƙasan, don idan ruwa ya ɗiga a gan shi da wuri.

Yanzu ga kayan da kika tara a waje. Na tabbata rabinsu ba su da hurumin komawa. Ki juya bayan kwalaben man shafawa da kayan kwalliya, za ki ga hoton ɗan gwangwani a buɗe da rubutu kamar 6M ko 12M ko 24M. Ma'anarsa watannin da abin zai yi da inganci bayan an buɗe shi. Wanda ya wuce, ko ya sauya wari ko launi, a zubar. Robobin sabulun gashi guda uku da kowace ta rage kaɗan, a ƙarar da ɗaya kafin a buɗe wata.

Magunguna kuwa, ina roƙonki ki fitar da su daga banɗaki kwata-kwata. Na san kabad mai madubi kamar don su aka yi shi, amma ki duba kwalin kowane magani, galibi za ki ga an rubuta a ajiye a busasshen wuri, zafinsa bai wuce digiri 25 ko 30 ba. Banɗaki bayan wankan ruwan zafi cike yake da tururi. Asfirin misali idan ya sha danshi yakan lalace har ya riƙa wani tsami-tsami. Ki nema musu akwati mai murfi a wani ɗaki, a sama inda hannun yara ba ya kaiwa. Haka nan tawul da tishu na ajiya, ki bar abin da zai ishe ku mako guda, sauran su koma wani wurin.

Sai bayan wannan za ki ɗauko tef ɗin awo. Ki auna faɗi daga bango zuwa bututu a hagu da dama, da zurfi, da tsayi zuwa gindin besin. Ki auna kuma faɗin bakin ƙofa bayan an buɗe ta, domin maƙalar ƙofa tana cin santimita biyu ko uku, kuma a nan mutane da yawa suke yin asara: kwandon ya dace da cikin kabad amma ya ƙi shiga ta ƙofa.

Matsalar kabad ɗin ƙasa zurfinsa ce. Yawancinsu sukan kai santimita 45 zuwa 55, ga duhu, ga shi sai an durƙusa. Abin da ya shige baya an manta da shi ke nan, sai a sake sayo wani. Shi ya sa na fi son dogayen robobi sirara masu hannu waɗanda ake janyowa kamar durowa, masu garai-garai da ake ganin abin da ke ciki. Guda biyu ko uku sun isa, ɗaya a kowane gefen bututu. Idan akwai sarari a sama, ƙaramar kanta mai ƙafafu za ta ba ki hawa biyu. Kwandon kaba ko na yadi ban ba ki shawararsa a nan ba, yana shan laima yana tara fumfuna. Kada kuma ki manta da bayan ƙofofin. Ƙugiya mai gam ko ɗan siririn kwando a wurin zai ɗauki mataji da safar hannu ta wanki, amma ki gwada rufe ƙofar kafin ki manna, kada ya daki bututu.

Kayan wanke banɗaki su samu gefensu su kaɗai, a tsaye, murfi a ɗaure, kowane a cikin robarsa ta asali. Bilic idan ya haɗu da abin wanki mai amoniya, ko mai asid irin na wanke masai, yana fitar da iska mai guba da ke ƙona ido da huhu. Kada su zauna a roba ɗaya inda yoyonsu zai iya gauraya. Ba ki faɗi shekarun yaranki ba, amma in akwai mai rarrafe ko ƙasa da shekara biyar, ki sa wa ƙofar makullin yara, ko ki mayar da waɗannan sinadarai sama gaba ɗaya.

Kabad mai madubi shi ne na kayan kullum, tunda zurfinsa bai fi santimita 10 zuwa 15 ba, komai a bainar ido yake. Kantar ƙasa ta abin da ake ɗauka safe da dare, ta sama ta reza da almakashi da abin yanke farce. Kantocinsa galibi a kan 'yan turaku suke, ana iya ɗaga su ko a sauke su, ki daidaita su da tsayin kwalabenki. Buroshin goge baki a tsaye yake so, inda iska za ta busar da shi, kawunan kada su taɓa juna.

Batun komawa gidan jiya bayan kwana biyu kuwa, dalilinsa shi ne ke kaɗai kika san mazaunin kowane abu. Ki ba kowa ɗan kofi ko ƙaramar roba tasa, da sunansa ko launinsa, ta yara a inda hannunsu zai kai ba sai sun hau wani abu ba. Yaron da ya san robar nan shuɗiya tasa ce zai mayar da kayansa ciki. Ki bar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kowace roba ba komai, don hannu ya shiga ya fita ba tare da an zubar da na kusa ba.

Idan kin gwada bututun kin ga ba ya yoyo amma warin bai tafi ba, tururin wanka ne ke maƙalewa a ciki. Ki goge cikin kabad ɗin, ki bar ƙofofinsa a buɗe yini guda ya bushe sarai kafin ki mayar da kaya. Daga nan kuma a riƙa buɗe taga ko kunna fankar fitar da iska na kamar minti 20 bayan kowane wanka, kuma kada a sake jefa jiƙaƙƙen soso ko tsumma a ciki a rufe.